Matar da ta kusa yin gwanjon gidan Elvis Presley da takardun bogi

A watan Mayun 2024 wata 'yar sanarwa ta fito a jaridar The Commercial Appeal ta birnin Memfis da ke jihar Tenesi a Amurka, a irin shafin nan da ba mai leƙawa sai lauyoyi da dillalan gidaje, wai ranar 23 ga wata za a yi gwanjon wani gida a harabar kotun gundumar Shelby saboda mai gidan ta ci bashi ba ta biya ba. Gidan kuwa Graceland ne, gidan mawaƙi Elvis Presley, wanda ya saya a 1957, ya rasu a cikinsa a 1977, kabarinsa ma yana nan a harabar, kuma tun 1982 aka mayar da shi wurin ziyara, duk shekara dubban ɗaruruwan mutane ke biyan kuɗi su shiga su gani. Wato gidan da kusan kowa a ƙasar ya sani shi wani ya ɗaga zai kaɗa wa ƙararrawa, kuma ana saura kwana ɗaya tak a yi gwanjon kotu ta yanke hukuncin dakatar da shi.

Ga yadda abin ya faro. Lisa Marie Presley, 'yar Elvis ɗaya tilo, ita ta gaji gidan, ta rasu ranar 12 ga Janairun 2023 tana da shekara 54. Gidan yana ƙarƙashin wata amana ta iyali mai suna Promenade Trust, bayan rasuwar sai riƙon amanar ya koma hannun babbar 'yarta Riley Keough, wadda 'yar fim ce. Watanni kaɗan da rasuwa sai ga wani kamfani ya ɓullo, sunansa Naussany Investments and Private Lending, ya ce ai marigayiya ta karɓi rancen dala miliyan 3.8 a wurinsu tun 2018, ta jinginar da Graceland, har ta koma ga Allah ba ta biya ba. Ba baki kawai suka zo da shi ba, sun zo da takardun rance, da takardar jingina, ga sa hannun Lisa Marie, ga hatimi da sa hannun wata notari ta jihar Filorida, wato jami'ar da hukuma ta ba lasisin shaida cewa wane ne da kansa ya sa hannu a gabanta. Suka shigar da da'awar bashi a kotun Los Anjalas ta Kalifoniya inda ake maganar dukiyar mamaciyar, suka kuma miƙa takardar jinginar ga ofishin rajistar filaye na gundumar Shelby kamar yadda masu gabatar da ƙara na tarayya suka bayyana daga baya. Sannan suka ce wa iyalin in ana so a kashe maganar cikin rufin asiri a ba su dala miliyan 2.85 su yafe ragowar.

Wannan ragin da suka yi shi ne asalin abin da ake nema a ganina. Ba na jin akwai mai hankalin da zai zauna ya yi tunanin zai mallaki Graceland ya kwana lafiya, abin da ake so shi ne a tsorata magada da abin kunya da shiga jarida, su ga biyan miliyan biyu da wani abu ya fi musu sauƙi a kan a ji a duniya ana gwanjon gidan kakansu. Iyalin suka ƙi. Shi ne aka buga sanarwar gwanjon.

Yanzu mutum zai ce to ta yaya za a sa gida a gwanjo ba alƙalin da ya ce a sa? Nan ne fa gizo yake saƙa. A Tenesi da wasu jihohin Amurka da dama, in ka jinginar da gida da irin takardar da ta ba mai bin bashi ikon sayarwa, ba sai ya je kotu ba in ka kasa biya, sanarwa zai buga a jarida, a lokacin doka ta ce sau uku, ta farko aƙalla kwana 20 kafin ranar gwanjo, ya aika maka wasiƙa, ranar ta zo a tsaya a ƙofar kotu a kira farashi. An yi tsarin ne don bankuna su karɓi haƙƙinsu ba tare da shekaru a kotu ba, amma duk tsarin ya ginu ne a kan cewa mai bin bashin na gaskiya ne. Jarida ba aikinta ba ne ta binciki ko bashin ya tabbata, kuɗin talla aka ba ta ta buga. Shi ma ofishin rajistar filaye, kuma wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su gane ba, aikinsa ajiye takarda ne ba tantance gaskiyarta ba, in takarda ta cika sharuɗɗan tsari, akwai bayanin fili akwai sa hannu akwai hatimin notari an biya kuɗin rajista, to a mafi yawan gundumomi sai dai su karɓa su sa mata lamba. Ma'aikacin da ke kan tebur ba shi da samfurin sa hannunka da zai gwada, kuma ba zai kira ka ya ce wane da gaske kai ka sayar ba.

Riley Keough ta shigar da ƙara a tsakiyar Mayu a kotun gundumar Shelby, ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa karɓar ko sisi daga wannan kamfani ba, kamfanin ma babu shi, takardun na jabu ne. Kamfanin Elvis Presley Enterprises da ke gudanar da wurin shi ma ya fito ya ce damfara ce. To amma faɗa kawai ba ta isa, wadda aka ce ta ci bashin tana kabari, ba za ta tashi ta ce wannan ba hannuna ba ne. Abin da ya ceci gidan abu biyu ne kuma dukkansu ba wani abin mamaki ba ne.

Na farko lauyoyin suka nemo notarin da sunanta ke jikin takardar. Mace ce ta gaske, tana raye, tana Filorida, ta rubuta takardar rantsuwa cewa ita ba ta taɓa haɗuwa da Lisa Marie Presley ba balle ta shaida sa hannunta, ba ta ma san yadda aka yi sunanta ya hau takardar ba. Shikenan ƙafa ɗaya ta karye. Na biyun ya fi ba ni dariya wallahi, a wurin da notari ke cikewa an rubuta kalmomin nan na zaɓi, ko mai sa hannun ya bayyana da kansa ko ta intanet aka shaida, alhali jihar Filorida ba ta fara amincewa da shaidar notari ta intanet ba sai a 2020. Takardar da aka ce an rubuta a 2018 tana ɗauke da lafazin da bai zo duniya ba sai bayan shekara biyu. Wanda ya haɗa ta kawai ya samo fom na zamani ne ya cike ya mayar da kwanan wata baya, bai san fom ma yana da shekaru ba. Ga shi kuma da aka bi adireshin kamfanin a Jacksonville ta Filorida da wasu ƙananan garuruwa a Misuri, ba ofis ba ma'aikata, gidan waya ne da akwatin wasiƙa, kuma ba a ga rajistar kamfanin a inda ya kamata a gan ta ba.

Ranar 22 ga Mayu alƙali JoeDae Jenkins ya zauna, ba wanda ya bayyana daga ɓangaren kamfanin, ya dakatar da gwanjon, ya dogara da rantsuwar notarin da kuma cewa a doka kadara irin fili da gida ba ta da madadi, in ta salwanta kuɗi ba ya mayar da ita. Kafin gari ya waye saƙo ya fito da sunan wani wai shi Gregory Naussany cewa sun janye. A baya kuma wani Kurt Naussany ne ke ta aika imel. Duk babu su.

Sai kuma abin da ya fi ɓata min rai a labarin nan gaba ɗaya. Da asiri ya fara tonuwa sai aka riƙa aika saƙonni ga 'yan jarida da kotu da wakilan iyalin cewa ai wanda ya kitsa abin wani ɓarawon bayanan mutane ne da ke Najeriya, jaridar New York Times ma ta samu irin wannan imel, kuma labarin ya zaga duniya a haka, mutane da yawa suka haɗiye ba ko tauna don ya yi daidai da abin da suka riga suka saka a ransu. Ashe ƙarya ce ita ma. Tashar NBC ta bi diddigin lambobin waya da akwatunan wasiƙa har ta dangana da wata mata a Misuri, babban lauyan jihar Tenesi Jonathan Skrmetti ya miƙa binciken ga hukumomin tarayya, ranar 16 ga Agustan 2024, wadda ta zo daidai da ranar rasuwar Elvis, aka kama ta. Ba'amurkiya ce 'yar shekara 53, ita kaɗai take wasan mutum uku na kamfanin da babu shi. FBI da sashen binciken laifuka na gidan wayar Amurka suka yi aikin. A Fabrairun 2025 ta amsa laifin damfara ta hanyar gidan waya, a Satumbar 2025 kotun tarayya a Memfis ta yanke mata wata 57 a gidan yari. Waɗanda suka yaɗa labarin Najeriya kuwa ba duka suka dawo suka gyara ba, amma wannan wata magana ce daban.

To yanzu mu cire sunan Elvis daga labarin mu ga me zai rage. Mai gida ta rasu, magada suna wata jiha suna fama da makoki da rabon gado, wani ya zo da takarda mai hatimi, ofishin rajista ba ya bincike, jarida ta buga sanarwa a shafin da ba a karantawa. Da gidan wata tsohuwa ce da ba wanda ya san ta, 'ya'yanta suna nesa, wasiƙun suna zuwa adireshin da ba kowa, wa zai ga sanarwar? Ranar 23 ga wata za ta zo ta wuce, wani ya saya da kuɗinsa tsakani da Allah, magada su ji labari bayan wata shida lokacin da suka zo suka tarar an canza kwaɗo. Graceland ya tsira ne saboda akwai lauyoyi a tsaye kuma sunan gidan ya sa duk 'yan jaridar duniya suka yi ca a kai cikin kwana biyu. Ba tsarin rajista ne ya kare shi ba, tsarin bai ce uffan ba daga farko har ƙarshe.

Ita wannan mata ta zo a rigar mai bin bashi ne, amma wanda ya fi yawa yanzu shi ne a zo a rigar mai gidan kansa. Ɗan damfara zai shiga shafin rajistar gunduma, wanda a Amurka a buɗe yake ga kowa, ya nemo filin da ba gini a kai, ko gidan hutu ko na haya da mai shi ba ya zaune a ciki, musamman wanda ba bashin banki a kansa, domin in akwai banki to akwai wani mai ido a kan kadarar kuma dole a biya shi kafin ciniki ya faɗa. Sunan mai filin yana nan a rajista, sai ya haɗa katin shaida ko fasfo na bogi da wannan suna, ya buɗe imel, ya tuntuɓi dillali na gaskiya mai lasisi ya ce ina so a sayar min da filina. Dillalin na gaske ne, mai sayen na gaske ne, lauyan ma na gaske ne, mutum ɗaya ne kawai na ƙarya a cikin cinikin. Kullum yana da uzuri, yana ƙasar waje, yana asibiti, ba zai iya zuwa ba, kyamarar wayarsa ta lalace, a bar alamar sayarwa kar a kafa a filin don ba ya son maƙwabta su sani, farashi ƙasa da na kasuwa, a samo mai biya nan take ba ta hanyar rancen banki ba, notari kuma shi zai kawo nasa. Hukumar Secret Service ta Amurka, wadda binciken damfarar kuɗi ke cikin ayyukanta, ta yi gargaɗi a kan wannan salo a 2023. A jihar Konetikat an yi wani a 2022 da ya shahara, aka sayar da filin wani mutum a kan dala 350,000 da takardar wakilci ta jabu da aka ce ya sa mata hannu daga Afirka ta Kudu, bai sani ba sai da wani ya ba shi labari, ya zo ya tarar an kusa gama gina gida na kusan dala miliyan ɗaya da rabi a kan filinsa. Magina ma an cuce su, kuɗinsu suka biya.

A dokar Amurka takardar mallaka da aka yi da sa hannun jabu ba ta mayar da mallaka ga kowa, banza ce tun daga tushe, ko wanda ya saya bai san komai ba. Mutane kan ji haka su ce to ai shikenan ba matsala. Akwai matsala mana. Takardar banzan tana nan zaune a rajista da lambarta har sai alƙali ya ce a soke ta, kafin nan ba ka iya sayarwa ba ka iya jinginarwa, ƙila ma wani yana ciki yana kwana, kuma kai ne za ka ɗauki lauya ka shigar da ƙarar wanke mallaka ka kawo hujjar cewa ba hannunka ba ne. Shi ya sa jihar New York ta fito da doka da ta fara aiki a 2024 da ta sa satar takardar gida cikin manyan laifukan sata, don a da sau da yawa in ka kai ƙara wurin 'yan sanda sai a ce maka wannan rigimar farar hula ce je ka kotu.

Abin da mai kadara zai yi ba shi da tsada, yawanci ma kyauta ne, sakaci ne kawai ke hanawa. Gundumomi da yawa a Amurka suna da tsarin sanarwa, ka yi rajistar sunanka ko lambar filinka, duk ranar da aka shigar da wata takarda a kai sai imel ko saƙon waya ya shigo maka. A Ingila da Wels hukumar rajistar filaye ta HM Land Registry tana da irinsa mai suna Property Alert, kyauta, kana iya sa ido a kan kadara har 10 kuma ba dole sai taka ba, wato kana iya sa gidan mahaifiyarka tsohuwa a ciki. Can ma sun fi gaba da abu ɗaya, kana iya sa takunkumi a kan rajistarka cewa ba za a yi rajistar sayarwa ko jingina ba sai lauya ya ba da shaidar cewa kai ne da kanka. Wannan shi ne ya yi kama da kulle na gaske. Ita sanarwa ba ta hana a shigar da takardar, tana gaya maka ne bayan an shigar, amma bambancin ka ji cikin kwana ɗaya da ka ji bayan shekara shi ne bambancin kuɗin yana hannun lauyan ciniki da kuɗin ya riga ya bar ƙasar.

Akwai kamfanonin da ke tallar wai za su kulle maka takardar gida in kana biyansu duk wata. Hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta fito a 2024 ta ce wannan ba kulle ba ne ba kuma inshora ba ce, sa ido ne kawai, irin wanda gunduma ke yi kyauta. Inshorar mallaka ta gaske daban take, ita ma sai ka karanta wacce ka saya, domin ta gama-gari tana ɗaukar matsalolin da suka faru kafin ka sayi gidan ne, wato tana kare mai saye in ashe wanda ya sayar masa ɗan damfara ne, amma jabun da za a yi maka bayan ka riga ka mallaka sai inshorar da aka faɗaɗa kariyarta ce ke ɗauka. Mutane da yawa ba su san wacce ke cikin jakarsu ba.

Sai adireshi, wanda ake rainawa. In ka tashi daga gari ka canza adireshin da ofishin haraji da na rajista suke aika maka wasiƙa, in kuma takardar harajin fili da ta saba zuwa duk shekara ta daina zuwa kar ka ce an huta, je ka tambaya, ƙila wani ya canza. Fili da ke nesa a samu maƙwabci ko ɗan'uwa da ke da lambarka, wanda in ya ga masu awo ko an kafa allo zai kira. Lokaci-lokaci ka rubuta adireshin filin a intanet ka ga ko wani ya sa shi a kasuwa. Magada kuma, kuma nan ne darasin Graceland ya fi zafi, kar a bar gida da sunan mamaci shekara da shekaru ana cewa sai an zauna, sanarwar rasuwa a buɗe take, rajista a buɗe take, ɗan damfara haɗa biyun kawai yake yi. Duk wanda ya zo da takardar bashi a kan mamaci a nemi shaidar fitar kuɗin daga asusu zuwa asusu, miliyan 3.8 ba ta tafiya ba sawu, a duba ko kamfanin yana da rajista da lasisi, a duba ko an yi wa jinginar rajista a shekarar da aka ce an yi ta, sannan a kira notarin, amma da lambar da aka samo daga hukumar da ta ba shi lasisi ba wadda ke jikin takardar ba.

Dillalai da lauyoyi su ne ƙofar ƙarshe a cinikin mai sayarwa na bogi, kuma abin da ke kama yawancinsu abu ne mai sauƙi, a aika wasiƙa ta gidan waya zuwa adireshin da ke rajistar haraji ana cewa mun samu buƙatar sayar da filinka, kai ne? Mai filin gaske zai kira a firgice. A kuma dage notari ya zama wanda ofishin ciniki ya zaɓa ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, a gwada sa hannun da na tsoffin takardun da ke rajista, a yi masa tambayoyin da ba su cikin intanet, wa ya sayar maka, ta ina ruwa ke bi in an yi sama. Kiran bidiyo yana taimakawa amma yanzu da manhajojin ƙirƙirar fuska da murya suka yawaita shi kaɗai bai isa ba.

In kuma aikin gama ya gama, ka tarar da baƙuwar takarda a kan kadararka, ka karɓi kwafinta mai hatimi daga ofishin rajista, ka kai rahoto wurin 'yan sanda, a Amurka har da IC3, shafin FBI na karɓar ƙorafin laifukan intanet, ka sanar da kamfanin inshorar mallaka in kana da ita, sannan lauya ya shigar da ƙara tare da sa sanarwar shari'a a kan rajistar domin kar a sake sayar wa mutum na uku ko a karɓi rance da ita kafin a gama. Kuɗin lauyan kuwa, in ba inshorarka ta ɗauki irin wannan ba, daga aljihunka zai fito.